Kilo Saba'in

A wani gari da ake kira Sannu-da-Haƙuri, wanda ba ya cikin taswirar kowa, akwai jirgin sama ƙwaya ɗaya tak, na Kamfanin Sauka-Lafiya. Duk ranar Alhamis yake tashi zuwa Birnin Nesa, inda likitocin garin suka ƙaura tun da daɗewa, suka bar wa asibiti gadaje da jemagu. Akwai hanyar mota, ba a ce babu ba, sai dai ramuka sun ci rabinta, sauran rabin kuma wasu bayin Allah masu bindiga sun karɓi riƙonsa. Saboda haka duk wanda ciwo ya ci ƙarfinsa a garin, ko dai ya hau jirgi ko ya hau makara.

Cikin jirgin kashi uku ne. Gaba ajin farko, na Sarki Na-Kowa da masu sarautarsa. Tsakiya ajin 'yan kasuwa. Na ukun ba a wahalar da kai an raɗa masa suna ba, "can baya" kawai ake cewa, kowa ya gane.

Malam Cindo shi ne mai awon jirgin. Shekara ashirin da bakwai yana tsaye bayan sikeli, yana auna kaya da mutane, yana raba nauyi tsakanin gaba da baya don kada wani ɓangare ya rinjayi wani. Sai ya sa hannu a takarda kafin matuƙi ya tada inji. Bai taɓa ƙara ko rage ko da rabin kilo ba, shi ya sa har yau keke yake hawa, sa'o'insa na kiransa wawa a bayan idonsa.

To, a wannan shekarar matarsa Tabawa ta kamu da ciwon ciki, abinci ba ya zama. An yi jiƙe-jiƙe, an yi rubutu, abin sai gaba yake. Da ƙyar da jiɓin goshi Cindo ya samo mata kujera a layi na talatin da takwas, can baya, a jirgin Alhamis mai zuwa.

Ana saura mako guda ta tafi, tsautsayi ya faɗa wa garin. Jirgi na sama, wata ma'aikaciya ta manta ba ta ja labulen da ke tsakanin ajin farko da na 'yan kasuwa ba. Galadiman Jin-Daɗi, wanda shi ne ke kula da hutun manya, ya waiwaya, idonsa ya gane masa abin da ya hana shi cin abinci kwana biyu. Jirgi na sauka ya zarce Majalisar Haka-Ne.

"Ranka ya daɗe, da idona na gani," in ji Galadima. "Alhaji Tsadau, shugaban 'yan kasuwa, kwance yake! Sun gyara kujerunsu suna miƙewa kamar gado. Mai sayar da siminti kwance a sararin samaniya, ni Galadima ina zaune kamar mai jiran aski."

"Kwance?" in ji Sarki.

"Har da minshari, ranka ya daɗe."

"Haka ne," in ji 'yan majalisa, duk da cewa ba wanda ya tambaye su, ba kuma ɗayansu da ke cikin jirgin.

Nan take aka yanke hukunci: jirgi ba zai sake tashi ba sai an tabbatar, ba tare da wata tantama ba, cewa ajin farko ya fi ajin 'yan kasuwa. Aka kafa kwamiti, aka ba Galadima shugabanci, aka yanka raguna.

Galadima ya fara da gadaje masu rumfa na katakon maɗaci. Da labari ya kai Kasuwar Gobe-Ya-Ƙaru, Alhaji Tsadau ya yi dariya, ya sa aka kawo wa ɓangarensu kujeru masu tausa da talabijin mai faɗin ƙofar zaure. Galadima ya rama da bahon wanka na marmara. 'Yan kasuwa suka girke mai tsire da tukubarsa. Galadima ya ce ashe abin 'yar haka ce, ya sa aka shimfiɗa tayil, aka rataya fitilu masu lilo, aka kafa karagar ƙarfe, aka gina ɗan kududdufi aka zuba kifaye, don Sarki ya riƙa kallonsu idan gajimare ya gundure shi. Har sanƙira aka yi wa kujera, ya riƙa yi wa manya kirari in jirgi ya shiga gargada.

Duk abin da aka ƙara, a kan Malam Cindo yake ƙarewa. Galadima kan aiko a kira shi, ya ce, "Malam Cindo, an ƙara kaza a gaba, nemo mana inda za a rage." Inda za a rage kuwa ba ɓoyayye ba ne. Aka cire layi na arba'in da biyar, aka cire na arba'in da huɗu. Kafin wata ya ƙare an iso na arba'in, Cindo ya ga wuta na tunkaro kujerar matarsa.

Daga nan ne mutumin kirkin nan ya fara kawo shawarwari da bakinsa. Ya ce a cire abincin can baya, dama biskit ɗaya ne da ruwan leda. Aka cire. Ya ce a cire ban-ɗakinsu, tafiyar awa ɗaya ce, kowa ya riƙe. Aka yaba masa. Da aka kawo kifaye ya ce a kwashe rigunan ceto, tunda babu teku tsakaninsu da Birnin Nesa. Da aka kawo karaga ya ce a cire abin shaƙar iska. Ya san abin da yake yi sarai, kunya kuma tana cin ransa, amma layi na talatin da takwas ya tsira. Galadima har ya fara cewa za a duba yiwuwar ba shi sarauta.

A gida kuwa, kullum da hantsi Cindo kan ɗauko Tabawa daga ɗaki ya kwantar da ita a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ta sha iska. Hannun da ya shekara ashirin da bakwai yana awo ba ya yi wa mai shi ƙarya. Kowane mako yana jin abin da ya ragu a jikinta.

"Malam, wai wace Alhamis ɗin ce?" ta tambaye shi wata rana.

"Ta sama, in Allah ya yarda."

"Haka ka ce wancan makon." Ta yi murmushi. "An ce har kifi aka sa a ciki. Su kifayen wane likita za su gani?"

Ya yi dariya don ta ji daɗi, sannan ya zagaya bayan gida ya share hawaye da bakin rigarsa.

Sai da aka yi wata huɗu kwamiti ya ce aiki ya kammala. Cindo ya zauna ya yi lissafi sau uku, ya kira matuƙin jirgin suka sake yi tare, amsa ɗaya ce. Ya yi ta maza ya je majalisa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, jirgin nan ba zai ɗaga kai ba. Gaba ya rinjayi baya ƙwarai. Zai yi gudu a ƙasa, amma hancinsa ba zai tashi ba."

"To, me za a yi?" in ji Sarki.

"Ko da bahon marmarar nan aka cire, ranka ya daɗe..."

Majalisa ta kaure da salati. Wani ya ce a binciki mutumin nan, da alama 'yan kasuwa sun saye shi. Galadima ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta washe.

"Malam Cindo, kana nufin in aka samu nauyi a baya, gaba zai tashi?"

"Haka lissafin yake, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah! Ashe mutanen nan suna da amfani!"

"Haka ne," in ji majalisa.

Washegari aka yi shela a rediyo cewa, cikin tausayinsa, Sarki Na-Kowa ya amince talaka ma ya taka rawa wajen tafiyar da jirgi. Ba za a ƙara cire ko kujera ɗaya a can baya ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai: duk mai hawa sai ya kai kilo saba'in, don da haka ne lissafi zai daidaita. Wanda bai kai ba, buhun yashi zai zauna a madadinsa, tunda yashi ba ya ƙorafi, ba ya kuma tambayar ban-ɗaki. Ƙungiyoyi suka yi jerin gwano zuwa fada don godiya.

Kai mai karatu, ban san yadda mudu yake a kasuwarku ba. A Kasuwar Gobe-Ya-Ƙaru dai, rabon da a ga talaka mai kilo saba'in tun zamanin kakan Sarki, balle a ce majiyyaci.

Ranar Alhamis tun da safe layi ya miƙe har bakin titi. Wasu sun ɗura wa cikinsu ruwa har suna nishi. Wasu sun sa riguna bakwai. Wani tsoho ya ɗaura duwatsu a ƙugu, dogarai suka zazzage shi, duwatsun suka zubo, aka yi masa ihu. Abu ɗaya ne dogaran ba su iya ba, karanta sikeli, fuskarsa kuma Cindo kaɗai take kallo.

Maƙwabta biyu ne suka riƙo Tabawa suka tsayar da ita a kai. Allura ta motsa kaɗan, ta tsaya a arba'in da ɗaya. A gefe buhunan yashi na jere, kowane an rubuta masa lamba. Cindo ya dubi matarsa. Ya san in ya ce gaskiya za ta koma tabarma, kuma ba lallai ta ga wata Alhamis ba. Ya ce a ransa, kilo ashirin da tara ba za su kada jirgi ba.

"Saba'in!" ya faɗa da ƙarfi, ya rubuta.

Tabawa ta kalle shi, ta san mijinta, ta san kuma jikinta. "Allah ya saka maka, Malam," ta ce a hankali. Aka wuce da ita.

Na bayanta wata mata ce goye da jinjiri mai numfashi da ƙyar. Ta hau, allura ta nuna hamsin, har da goyon. Ba ta roƙe shi ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, ni ma saba'in ɗin ce, ko?"

Ya dubi jinjirin. Ya rubuta saba'in. Tsohon nan mai duwatsu ya hau, saba'in. Wani malamin makaranta da ƙafarsa ta kumbura, saba'in. A wannan safiyar mutanen Sannu-da-Haƙuri suka yi ƙibar da ba su taɓa yi ba, ko buhu ɗaya bai samu kujera a can baya ba. Da layi ya ƙare Cindo ya haɗa giɓin a kansa. Tsoro ya kama shi sosai. Amma Tabawa ta riga ta zauna, yana hango ɗankwalinta ta taga. Ya sa hannu, dogari ya karɓi takardar.

Fata ɗaya ya rage masa, wataƙila manyan da za su hau yau ba su da yawa, gaba ya ɗan yi sauƙi. Yana cikin wannan tunani sai ya ga dogarai na kinkimar wasu buhunan yashi suna hawa da su ta matakalar gaba, mai jan kafet. A gefensa kuma, ƙarƙashin laima, ga Galadima tsaye, ga Alhaji Tsadau, suna cin gyaɗa a faranti ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ba ku shiga ba?"

"Haba Malam Cindo," in ji Galadima, "mu da muka san yadda aka yi aikin? Yau gwaji ne. An auna kowanenmu a fada an cika masa buhu daidai nauyinsa, na Mai Martaba ma buhu biyu ne, har da rawani. In sun je sun dawo lafiya, sai mu hau mako mai zuwa."

"Mu ma namu buhunan na ciki," in ji Alhaji Tsadau. "A kwance."

Cindo ya zabura zai ruga wajen matuƙi, amma an janye matakala, inji ya ɗauki ƙara. Galadima ya riƙo hannun rigarsa, ya daki nasa aljihun da ɗaya hannun.

"Ina za ka? Kwantar da hankalinka, takardarka na nan wurina, da sa hannunka. Kowa a garin nan ya san ba ka ƙarya. Yanzu dai raba mana gardama, kai da ka san kan jirgin nan ciki da bai. Tsakani da Allah, namu da nasu, wanne ya fi?"

Cindo ya juya wajen titi. Jirgin ya miƙi titi yana ƙara gudu, 'yan rakiya na ɗaga hannu. Akwai wata tsamiya a gefen titin, daidai inda jirgin ke ɗaga kai duk ranar Alhamis tun da Cindo ya kama aiki. Ya ƙura mata ido. Jirgin ya iso ta, ya wuce ta, hancinsa na nan a ƙasa.