Layar da Na Ɗaure a Bututun Sanyi

Ni ba na son a raina min hankali, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan hakan ba. Sau uku a bazara guda na sa aka ɗura wa esin motata, wato na'urar sanyinta, gas, sau uku sanyin yana ɗaukewa kafin mako ya zagayo. Duk wanda ya ce in yi shiru a kan wannan bai san ni ba. Sai dai ranar da aka gano mai laifin, a Kwanar Ɗangora, ko tsufa ya cinye min tunani ba zan manta da ita ba.

Bari in fara daga motar. Bayan rasuwar maigidana na sayar da tsohuwar akori-kurarsa da shanu biyu, na sayi motar kaya 'yar Kwatano, fara sol. Da rani tana kwasar tumatir da albasa daga fadamun Tiga, da kaka ta ɗauko masara daga Tudun Wada da Doguwa. Abin da ya fi burge ni a jikinta shi ne esi. In zauna a gaba, gilashi a rufe, sanyi na ratsa ni, ina kallon matan garinmu a Bebeji suna fifita da bakin mayafi (Allah ya yafe min, har hannu nake ɗaga musu). Direbana kuwa Malam Habu ne, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya fi shekara ashirin yana jan motar marigayi.

Ni sai da na yi jika biyu na shiga makarantar yaƙi da jahilci, na haɗa da Islamiyyar matan aure. Tun da na iya karanta rasit da kaina na yanke cewa an gama cutata a duniya. To ana cikin wannan ɗauke-ɗauken sanyi sai wata maƙwabciyata, matar mai gyaran firji, ta ce min ai gas ɗin nan tsada gare shi, har zuƙe shi ake yi a sayar. Ban tambayi kowa ba. Na haɗa wannan da wancan a raina, na samu ɓarawona.

Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki na tare shi, a gaban 'yan dako suna lodi.

"Malam Habu, gas ƙafa gare shi?"

Ya ce, "Hajiya, yoyo ne. Tun farko na ce a kai ta a duba, ba ƙari take so ba."

Na ce, "Yoyo? Nuna min inda ya zuba a ƙasa!" (Ban san iska ba ce, ni a zatona kamar kalanzir yake.) "Marigayi kuka samu mai sanyin hali, kuka yi ta tatsa. Ni na yi makaranta."

'Yan dako suka tsaya da buhuna a ka. Malam Habu ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "Allah ya bayyana gaskiya."

Ni ce na fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Ban tsaya nan ba. Na ce za a kai motar wurin Ɗanlami mai gyaran esi a Kwanar Ɗangora, kuma na aika aka kira min shugaban direbobin tasha ya zama shaida. Sharaɗina a fili yake: in ba a ga yoyo ba, Malam Habu ne ke zuƙewa, kuma daga Bebeji har Doguwa kada wanda ya sake ba shi makullin mota. Mutum mai iyali tara, ba gona, ba wata sana'a sai sitiyari.

To akwai abin da ban faɗa muku ba. Makon da motar ta iso, Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tsohuwar da har yau take lissafa gidajen ƙauyensu da ruwan Tiga ya shanye, ta kira ni ɗaki ta danƙa min laya. Ta ce, "Baki, 'yar nan. Mace da farar mota, baki zai yi miki yawa." Ni ce fa wadda ke miƙewa a Islamiyya ina yi wa mata faɗa a kan layun da suke rataya wa jarirai. Na taɓa sa wata kuka a gaban aji. Amma na karɓa, wai don kada Gwaggo ta ji haushi. Washegari da sassafe, kafin a fara fitowa, na ɗauki waya irin ta magina, na kwanta a ƙasa na shige ƙarƙashin gaban motar, da girmana da komai. Na duba ƙarafa duk baƙi da maiƙo, sai ga wani siririn bututu fari mai sheƙi. Na ce yauwa, nan ya fi tsabta. Na ɗaure layar a jikinsa tamau, na kitse wayar don kada gargadar hanya ta kwance ta. Daga nan na kakkaɓe zanena na manta.

Wallahi na manta. Ko da nake zaune a benci a rumfar Ɗanlami, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina gyara ɗaurin ɗankwali, ko sau ɗaya abin bai faɗo min ba.

Suka ɗaga kan motar ya kifa gaba. Ɗanlami ya jona wasu agogo biyu, ja da shuɗi, ya ɗura mata iska da ƙarfi, ya ce, "Hajiya, zo ki gani. Kin ga allurar nan? In ta tsaya cak, babu yoyo. In ta sauka, akwai."

Muka zuba ido, ni da shugaba da direbobin da suka taru jin ƙarshen magana. Allura ta fara sauka a hankali.

Na ce, "Agogon naka lafiyarsa ƙalau?"

Ya yi dariya. Ya kaɗa ruwan sabulu a roba, ya tsoma soso, ya fara bin bututun gaɓa-gaɓa yana shafa kumfa. Ya ce inda ke yoyo yakan yi damshin mai, ƙura ta manne, kuma kumfa za ta riƙa kumbura tana fashewa. Ya shafa wajen kwamfaresa, shiru. Ya shafa mahaɗai, shiru. Ina ta harar Malam Habu, shi kuwa yana tsaye a rana, hannuwa a baya. Sai Ɗanlami ya durƙusa ya miƙa hannu can ƙasa ta gaba, ya ce, "A'a. Wannan kuma mene ne?"

A daidai lokacin na tuna. 

Kumfa na ta tashi kamar tukunyar da ta tafaso. Ya sa filaya ya datse wayar, ya ɗago abin sama kowa ya gani: 'yar baƙar fata, ta sha mai da ƙura. Ya ce, "Ga ɓarawonku. Waya ce ta yi ta gogar bututun a hanyar Doguwa har ta huda shi. Bututun nan ko cokali ya fi shi ƙwari." Ya jujjuya ta, ya ƙara da cewa, "Amma wanda ya yi ɗaurin nan gwani ne. Kitso fa aka yi wa wayar."

Aka kwashe da dariya. Wasu idanu suka fara juyowa wajen benci. Mace ɗaya ce tak a rumfar nan.

Sai na ji muryar Malam Habu: "Tawa ce. Ni na ɗaura."

Shugaba ya tafa hannu. "Haba Malam Habu! Kai da kake jan mu salla in liman ba ya nan? Da gemunka? Ka lalata wa baiwar Allah mota, ka bar ta tana ta asara!"

Ya ce, "Kuskure ne. A yi haƙuri."

Bai kalle ni ba. Shi ke wanke motar nan duk Juma'a, ciki da ƙarƙashi. Ya daɗe da ganin layar, ya kuma san mai ita, bai dai san ita ke cin bututun ba.

Ga inda kunyar take. Ni da bakina ba ya rufuwa, ni da na taɓa tsayar da taron biki a kan an raba nama ba daidai ba, sai na yi tsit. Kalma biyu ce, "tawa ce", ta zo har maƙogwarona ta koma. Na tuna matan Islamiyya, na tuna wadda na sa kuka. Na sunkuyar da kai ina wasa da zoben hannuna. Har shugaba ya ce, "Hajiya, ki yafe masa," na buɗe baki na ce, "Ba komai." (Ku ji fa. Ni ce ma mai yafewa.)

Ɗanlami ya kwance bututun, ya kankare wurin, ya liƙe hudar da walda, ya sauya robobin mahaɗa. Ya jona wani inji ya zuƙe duk iskar da ke ciki, muka jira, allura ta tsaya cak. Sannan ya ɗura gas. Duk wannan ina kallo ne kawai, ba na gani.

Malam Habu ne ya mayar da ni gida. Sanyi ya cika motar har yatsuna suka ƙage. Da muka kusa Bebeji ya ce, "Sanyin ya yi, Hajiya?"

Na ce, "Ya yi."

A ƙofar gida ya kashe mota, ya miƙo min makulli da hannu biyu. Ya ce, "Idona ya fara rauni. A nemi wani." Mutumin da ke hango rami tun kafin ni in ga hanyar. Na karɓa. Ina tsaye ya bi lungu a ƙafa, ya ɗan duƙa, kamar an ɗora masa buhu.

Abin da na koya bai da yawa. Shekara huɗu ina zuwa makaranta don kada a cuce ni, ban taɓa tambayar malama yadda ake gane in ni ce macuciyar ba. Kuma ashe bakin da Gwaggo take jiye wa motata, nawa ne.

Da gari ya waye ban jira an ɗora koko ba. Na sa hijabi na hau ɗan acaɓa zuwa tasha, lokacin da direbobi ke cika teburin mai shayi. Shugaba ya hango ni ya taso da fara'a, yana cewa ai ya riga ya samo min sabon direba, yaro mai hankali.

Na ce, "Riƙe abinka. Tara min duk wanda ya yi dariya jiya, ka aika a kira Malam Habu. Akwai maganar da ban ƙarasa ba, kuma a tsaye zan faɗe ta."