Ranar da Na Kai Ƙarar Muzurun Baba Goni

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a ƙofar gidan mai unguwa ba, buhu a kafaɗa, muzurun maƙwabcinmu Baba Goni yana ta mutsu-mutsu a ciki, hannuna duk yagu.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi. Na gudu daga elementare, na taɓa kamun kifi na bari, na taɓa ɗinki na bari. Da Yaya Hajjo za ta Guri jinyar surukarta, sai ta bar mini zomayen da ta saya wajen kukun Baturen gona, macen da tsohon ciki. Ta ce, "Ko wannan kaɗai ka riƙe har ƙarshe."

Sai ɗari ya sauko, irin namu na bakin kogi mai shiga ƙashi. Na kewaye musu lungun bayan gida da zana, na jingina kwando na lulluɓe shi da bargona (ni kuwa tabarma na dinga rufa). Macen ko kallon kwandon ba ta yi ba, raminta take ta tonawa.

Ran nan na fito, cikinta ya sauka, ƙirjinta a fige, ramin a toshe, 'ya'ya babu. Ga muzuru kan katanga yana lasar baki. Me ya rage? Na cusa shi a buhu sai gidan mai unguwa, aka kira Baba Goni.

Mai unguwa ya ce, "Ka ga lokacin da ya cinye su?"

"Ranka ya daɗe, na dai ga yana lasar baki."

Baba Goni ya ce, "Ɗana, ni ma na lashi baki yau, kunu na sha. A je a gani."

Muka ɗunguma har da 'yan kallo. Don in nuna babu komai a ciki, na tone bakin ramin na zura hannu. Sai na ji ɗumi kamar cikin hammata. Ga su nan jajaye, a dunƙule cikin gashi mai laushi, suna motsi. Ashe ita ta fige ƙirjinta ta yi musu shimfiɗa, ta toshe ƙofa don kada iska ta shiga. Ni mai bargo, abin da na tsinana kawai shi ne buɗe musu sanyi.

Sai uwar ta ratso ta tsakanin ƙafafunmu, ko a jikinta, ta hau tura ƙasa tana daddannawa har ramin ya rufe. Mai unguwa ya ce, "Ikon Allah." Can ya juyo: "To, saki fursunan."

Tun daga nan na san matsayina: in kare iska, in kawo harawa, in cire hannu.

Da yamma na ba mai kwalekwalen Guri saƙo: "Ka ce wa Yaya an haihu lafiya, uwar ce ke riƙe da su, ni ɗan aikenta ne. Wannan karon ban gudu ba. Ta aiko da 'yar bandar kifi, akwai wanda zan ba haƙuri."