Littafin Jatau Mai Gadin Faranti

A ƙauyen Tsaunin Gawo akwai wani mutum, Jatau, yana zaune a gidan yayarsa Tabawa. Ya haura arba'in, amma bai taɓa yin wata guda a wurin aiki ba. Ba shi da ƙiwa, ba ya ƙarya. Matsalarsa ɗaya: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi.

Sai ga wata malamar jami'a, Dakta Suwaiba, ta kafa ƙaton faranti a kan tsauni. Ta ce akwai tauraron ɗan'adam mai hango walƙiyar taurari masu fashewa can nesa, walƙiyar da ido ba ya gani, farantin kuma shi ke karɓo saƙonsa. Ta ɗauki Jatau gadi. Tabawa ta ce, "Aka kore ka a nan, kada ka dawo mini gida."

Wata rana Dakta za ta birni, ta ce, "Malam Jatau, kada komai ya taɓa farantin nan." Hadari ya haɗo. Jatau ya ga ruwa zai taɓa, ya kwance farantin ya kai shi rumbun Tabawa. Kwana uku tauraro yana magana da tsauni.

Wata rana Dakta ta nuna masa jar fitila a jikin na'ura. "Wannan ke shaida saƙo ya iso. Da ka ga haske ya walƙa, buga mini waya." Kafin la'asar ya buga sau talatin: madubin babur, murfin tukunya a rana, tartsatsin Sale mai walda a gindin tsauni, har haƙorin Makkar mai gari. Fitilar kuwa bai ko kalle ta ba.

Dakta ta ƙwace wayar, ta miƙa masa agogo da littafi. "Kada ka ƙara taɓa komai. Abin da ya faru, rubuta shi da lokacinsa, shi ke nan." Ita dai so take ya zauna wuri ɗaya.

Wata rana ta hau tsaunin da mummunan labari. Saƙo yana yankewa sau da yawa kullum, an rasa dalili, har walƙiya biyu sun wuce ba a kama ba. Manyanta sun ce a kwashe kaya ran Asabar. Jatau ya tuno fuskar Tabawa. Ya miƙo littafin, ya cika maƙil.

Ta buɗe don kada ya ji haushi. Tara da minti biyu, akuya ta wuce. Tara da shida, akuyar ta dawo. Tara da sha ɗaya, Sale ya tayar da injin walda. Nan ta tsaya. Ta zaro takardarta ta lokutan yankewar saƙo: saƙo ya yanke tara da sha ɗaya. Ta bi shafi bayan shafi, duk inda Sale ya tayar da inji, nan saƙo ya mutu. Ko ɗaya bai kuskure ba.

"Malam Jatau," ta ce, "ba inda za mu je. Sale za a nema wa rumfa a bayan kasuwa."

Jatau ya karɓi littafinsa, ya duba agogo, ya rubuta: Huɗu da minti goma, Dakta ta yi kuka.