Sandar Uzairu da Kaset ɗin Inna

"...lafiya lau, sai yunwa, tunda mijin da Allah ya haɗa ni da shi bai san hanyar kasuwa ba."

Haka Hajiya Zinariya ta amsa gaisuwar jikanta Uzairu, ko ɗago kai ba ta yi ba. Fushin kuwa ba na wasa kaɗai ba ne. Tun da ya kai tsohon rediyonta mai cin kaset gyara unguwar Jarwal, ya dawo ya ce ya mutu murus, ba ta sake jin muryar Innarta ba. Kaset ɗaya gare ta, wanda Inna ta yi mata magana a ciki daga Ringim, aka ba wani alhaji ya kawo mata nan ƙasa mai tsarki tun tana goyon uban Uzairu. Har Inna ta rasu Hajiya ba ta sake taka gida ba.

Yau ga shi da la'asar a falonsu na unguwar Ka'akiyya, ya girke wata doguwar baƙar sanda ƙarƙashin talabijin, da akwati a gefenta.

"Muciya ka sayo min? Tuwon gidan wa zan tuƙa?"

"Ya sitti," in ji shi, wato kakata da Larabci, "lasifika ce ta zamani, sawunba ake ce mata."

"Sawun bara? Ni ina bana."

"Amaryata ta tsufa, kunne ya tafi. Shi ya sa na sayo mai ƙarfi."

"Kunnena ya ji kukanka ranar da aka haife ka, har yau bai huce ba."

Ya kunna wani fim. Mota ta fashe a ciki, kofunan shayi suka hau rawa a kan faranti, Hajiya ta dafe ƙirji tana salati.

"Kashe! Maƙwabta za su ce rusau ya iso Ka'akiyya!"

"Kin ji ko? Kamar kina ciki."

"Wa ya ce maka ina son in kasance ciki? Rediyona ya fi ta kunya. In ya yi gardama, mari ɗaya nake masa ya dawo hayyacinsa. Wannan in ta lalace fa?"

"Da garanti, shekara biyu."

"Shekara biyu! Zanin jikina ya girme ta, ya girme ka."

Uzairu ya yi dariya, ya zaro jawwal ɗinsa, wato wayar salula. Ashe ya saci kaset ɗin, ya kai an juye masa a waya. Ya haɗa wayar da sandar, ya danna wurin da ke tace magana, sai ga muryar Inna tar, kamar tana zaune kan dardumar: "Zinariya, ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki..."

Hajiya ta kasa kunne. Can ta yamutsa fuska.

"Ina zakaran?"

"Wane zakara?"

"Bayan ta ce mai gidanki, zakara yana cara. Sannan ƙyauren zaure ya yi ƙara. Ina ka kai su?"

"Haba sitti, ai hayaniya ce. Sanda ta share, an bar miki magana saafi, tsantsarta."

"Maganar ai na haddace ta tun ubanka na rarrafe! Gidanmu nake saurare, kai kuwa ka sa tsintsiya ka share min shi."

Bai gama buɗe baki ba aka kira wayar, muryar Inna ta yanke, ta wani abokinsa ta cika falon da Larabci, yana tambayar ƙwallo.

"Ka gani? Ana tsakiyar magana da uwata ta shigo min da ƙato. Saki nake so, Uzairu. Yau."

"Tayyib, na ji. In na sake ki wa zai kwashe ki? Haƙori huɗu?"

"Biyar ne, makaho."

Amma ya ga idonta ya kawo ruwa, kuma ya san in wannan ma ta gaza ba shi da wata dabara. Ya kashe kiran, ya cire sandar daga tace magana ya mayar da ita tsarin kiɗa, ya sake sa kaset ɗin daga farko.

Shuuu ɗin tsohon kaset ya dawo. Zakara ya yi cara, ƙyaure ya yi ƙara. Sai kuma akwatin nan na gefe ya soma fitar da wani abu daga can ƙasa, dum, dum-dum, dum, wanda ƙaramin rediyonta bai taɓa iya fitarwa ba.

"Halas, ta lalace," in ji Uzairu, ya kai hannu zai kashe.

"Taɓa ka gani!"

Ta matso har tana dafa akwatin.

"Daka ake yi a bayan ɗaki. Lugude ne. Ji, ji wannan da ke jinkiri, tana cilla taɓarya sama ta tafa... Ramlatu ce. Ƙanwata. Ba mai yin haka sai ita." Hawaye ya zubo mata, tana dariya. "Duk shekarun nan tana ciki, ban sani ba."

Uzairu, wanda ko turmi bai taɓa gani ana lugude a ciki ba, ya zauna yana saurare har kaset ya ƙare.

Hajiya ta share ido da bakin mayafi, ta jawo gwangwanin dambun naman da take ɓoyewa a bayan matashi, ta tura masa.

"Ungo, mummuna. Na fasa sakin. Mayar min daga farko, ka ƙara wa Ramlatu murya."