Ranar da Na Rungumi Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na je ɗauko matata daga wankan jego a motar da na ɗaga da kuɗina da kuma wautata.

Ina da wata tsohuwar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, ita nake jigilar wake da gero da ita daga Gidan Amumune zuwa kasuwanni. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san rairayi. Idan na yi lodi, cikin motar sai ya riƙa sharar ƙasa, wani lokaci ta zauna daram, in fito ina roƙon masu amalanke su taimaka da turi. Ran nan na gaji, na kai ta Tasawa, garajin wani Malam Isufu, na ce a ɗaga mini ita.

Ya leƙa ƙarƙashi ya fito yana kaɗe riga. Ya ce, "Iri biyu ne. Ko in ƙara maka lam guda, wato ƙarfen sifirin, a baya, in canza amortise masu tare girgiza, ta tashi kamar yatsa huɗu. Ko kuwa a aiko da manyan kaya daga Kano, da manyan tayu, ta tashi kusan kamu guda. Mi kake ɗauka da ita?"

Na ce wake da gero. (Ku lura, wake da gero na ce. Ko sau ɗaya mutum bai faɗo mini a rai ba, shi ma bai tambaya ba.) Ya ce ai yatsa huɗun ya ishe ni. Amma a wayata akwai hotunan wasu motoci na ƙasashen waje da suka yi tsayi kamar raƙuma, kuma na daɗe ina kallonsu. Na ce na Kano nake so. Har matakin da ake takawa a shiga na sa ya cire, wai yana rage wa motar kwarjini.

Da na shigo gari da ita, 'yan kabu-kabu suka yi ta tafi. Ni kaina sai na kama sitiyari na yi tsalle nake shiga, amma wannan bai dame ni ba, don ina ganin motsa jiki ne.

A lokacin matata Balkisa tana ƙauyensu, ta haifi 'yarmu ta fari. An sa wa yarinyar sunan mahaifiyar Balkisa, saboda haka Ummi muke ce mata, sunan gaskiya ba ya fita daga bakin kowa a gidan, balle nawa. Surukata kuwa, Inna, mace ce mai kunya ta ajin ƙarshe. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In na zo na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa, ta amsa tana kallon wani gefe. Amma ita ce ta tsaya mini lokacin da dangi suka fi son wani malamin lakkol, makarantar boko, ta ce ita dai ta ga natsuwa a wurin yaron nan. Wannan shaidar tata ita ce babban abin da na mallaka a gidan, kuma ina tattalinta.

Da aka yi arba'in, Balkisa ta bugo mini waya da murna. Ta ce ta shawo kan Inna, za ta biyo mu a motata ta je barka gidan ƙanwarta a Gidan Amumune. Ba ta taɓa yarda ta shiga motata ba. Na wanke kat-kat har tayu, na shimfiɗa sabon bargo a kujerar gaba.

Na isa da hantsi. Mata sun cika ƙofar gida don sallama, surukina da dattawa suna zaune gindin itacen bedi. Na gaishe su, na koma gefe ba takalmi, kaina a ƙasa. Aka loda kaya. Balkisa ta miƙa wa wata mata jaririya, ta tattare zane, aka tura ta ta haye. Sai Inna ta fito da mayafinta, ta zo bakin ƙofar mota ta tsaya. Kujerar tana daidai ƙirjinta.

Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ko rabi ba, ta mayar. Kakar Balkisa, wadda ke kirana mijinta tana tsokanata, ta ce, "Kai maigidana, wagga mota ce ko rumbu? Ina tsanin?" Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni dai ina nan tsugune, ba damar in matsa, ba damar in ba da shawara.

Wata ta garo turmi aka kifa shi a kan rairayi. Inna ta taka, ta kama ƙofar mota da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗaya ƙafar tana laluben matakin da ni na sa aka cire. Ƙofar ta buɗe da ita, turmin ya goce, na ga ta taho da baya.

Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Sai dai na gan ni tsaye, surukata kwance a hannuwana, ɗankwalinta a ƙasa, furfurarta a waje, fuskarta dab da tawa. Karo na farko ke nan da na ga ƙwayar idonta. Da na tsaya a nan, da an ce ceto na yi. Amma bakina ya buɗe da kansa, da ƙarfi, yadda har na gindin bedi suka ji, na ce, "Rakiya, kin ji ciwo?"

Haka na faɗi sunan surukata, tsurarsa, ba Inna, ba komai, kamar ina kiran ƙanwata. (Tun ranar suna nake maimaita sunan a zuciya in na tuna 'yata, ashe yana nan a bakin harshe yana jiran ranar da zai kashe ni.)

Surukina ya miƙe ya kaɗe tabarmarsa ya shige gida, dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ko kakar da ba ta rasa magana ta rufe baki da gefen zane. Ni kuma na ƙame, na rasa yadda ake ajiye suruka, na ci gaba da riƙe ta. Sai da Balkisa ta leƙo daga can sama ta ce, "Maigida, sake ta mana."

Na sauke ta. Ta ɗauki ɗankwalinta, ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ta juya wajen wata maƙwabciya ta ce a ɗaura mata amalanke, kuma a miƙo mata jikarta, ba za a hau da ita can ba.

Haka muka tafi. Amalanken shanu a gaba, Inna a kai da jaririya, ni a baya cikin mota mafi tsayi a duk yankin, ina bin sawun shanu, don ba ni da fuskar da zan wuce ta. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito an tambaya ko motar ce ta lalace. Balkisa kuwa ta kifa kai a gwiwa, har yau ban sani ba kuka take ko dariya.

Satin nan na mayar wa Malam Isufu mota ya sauke ta zuwa yatsa huɗu, ya mayar da mataki. Surukina ya huce bayan na aika masa da goro da ban haƙuri. Inna kuwa ba ta taɓa cewa ta yi fushi ba, tana aiko mana da kuka da daddawa kamar kullum. Sai dai tun daga ranar, in ta ji ƙarar motata ta shige ɗaki, daga bayan labule take amsa gaisuwata, kuma abin yana yi mini ciwo har yanzu.

Yanzu in wani ya zo neman shawarata kan ɗaga mota, nakan ce masa kafin ya auna rairayin hanya, ya fara zuwa gidan surukansa ya auna tsawon ƙafar tsohuwa, daga nesa.