Ni da Rikodar Laburare a Gammo

A farkon shekarun Shari'a, ana tsakiyar tsuke bakin aljihu, aka kawo wa laburarenmu na Gwarzo rikoda ɗaya tak, mai zuba murya a kwamfuta. Na bugi ƙirji na ce ni na iya ta.

Aka tura ni ƙauyen Gammo wajen Inna Delu, tsohuwar da ta rage da waƙoƙin daɓe a ka. Ina zaure, tana bayan labule.

"Malam, abin naka yana ji kuwa?"

"Inna, ko numfashinki ba zai wuce shi ba."

Na danna jan maɓalli sau biyu don tabbatarwa. Ashe na biyun kashewa ne. Da ta gama na sake dannawa, wai na kashe, na jefa aljihu, na hau babur na kamo hanya.

Washegari na tara ma'aikata na kunna. Sai ƙarar babur, sai muryata, na maƙale ta kamar ta mata ina rera waƙar Inna, har da guɗa. Shugabanmu ya cire tabarau yana share hawayen dariya.

Na koma Gammo a kunyace. Na kunna wa Inna ta saurara, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ka tsallake baiti, ɗan nan. Zauna." Ta sake rerawa duka. Allah Ya saka mata da alheri, yau ɗalibai na zuwa saurare.

Tawa ma ba a goge ba. Har yanzu in na shiga ofis sai wani ya ce, "Zabiya, a ɗan taɓa mana."