Ranar da Na Kashe Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe Kawu Sale ba, alhali ko tsinke ban riƙe ba.

Lokacin yaƙin basasa ne, ina aji huɗu a firamare a Rogo. A layinmu ni kaɗai ce mace mai zuwa boko, don haka kaina ya fi tulu girma. (Turancin nawa bai wuce gaisuwa da sunayen ranaku ba, amma wa ya isa ya faɗa mini?)

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, soja ne yana bakin daga. Ya yi alkawarin zuwa hutu kafin Babbar Sallah, sai ga wasiƙa maimakonsa, wani abokinsa ya rubuto da Turanci. Malamin da ke karanta wa mutane wasiƙa ya tafi Ƙaraye. Kakata Iya ta miƙo mini takardar.

"'Yar boko, duba mini. Lafiya yake?"

Na gyara murya. Kaf takardar abu biyu na gane: sunan Kawu, da kalmar "late" kusa da shi. A aji an koya mana idan ta raɓi sunan mutum, marigayi ke nan. Ko ɗar ban ji ba.

"Iya, sai haƙuri. Kawu ya rasu."

Wayyo, har yau ina jin salatin da tsohuwar nan ta saka. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, matarsa ta shiga takaba, ni kuwa sai nuna ni ake yi: "Ita ta karanta." Ina kuka ina jin daɗi, Allah Ya yafe mini.

Ranar sadakar uku, ana cikin rabon gumba, sai ga mutum cikin kaki, jaka a kafaɗa.

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

Liman ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba. Iya ta riƙe fuskar ɗanta tana shafawa. Ashe abokin cewa ya yi Kawu zai ɗan makara. Kawu ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, harsashi ya ƙyale ni, ke kin gama da ni a layi ɗaya?"

Na so ƙasa ta tsage. Tun daga nan, in na gane kalma ɗaya cikin ashirin, bakina nake kamawa.

Kawu sai da ya tsufa tukuf. Ranar da ya cika da gaske ina gefensa a asibiti, ni na buga wa babban ɗansa waya. Sai ya ce, "Yaya, don Allah ba wani na kusa da ke wayar."